Alƙalan Cakulan da Iyakar Huruminsu

A cikin hunturun da ya wuce wani ɗan'uwana ya komo daga Turai, ya kawo mini tsarabar da na daɗe ina jujjuya ta a hannu kafin in san abin da zan yi da ita, watau fakiti uku na baƙin cakulan, kowane bai fi tafin hannu ba, amma kuɗin da ya gaya mini ya biya a kansu ya isa cefanen ƙaramin gida na kwana biyu. A bayan kowane an rubuta sunan ƙasar da aka noma kokonsa, da adadin kokon da ke ciki bisa ɗari, an kuma buga hoton lambar girma da wasu alƙalai suka ba shi. Sa'an nan aka bi da bayani, wai mai ci zai ji ɗanɗanon jajayen 'ya'yan itace, ko na zuma, ko na ganyen taba, alhali kuwa babu kome a cikinsa sai koko da sukari. Da na karanta wannan sai na yi dariya, na ce a raina lalle ƙoshi shi ke sa a naɗa wa alewa alƙali.

Amma da yake ba na son yanke hukunci da jahilci, sai na kwashe su na nufi rumfar wani dattijo abokin mahaifina, wanda ya shekara fiye da arba'in yana kwance huhun goro, mutumin da ba ya kai goro baka sai ya dube shi, ya auna nauyinsa a tafi, ya ɓare shi da farce yana sauraron ƙararsa, wanda kuma ko a duhu ka miƙa masa zai gaya maka daushe ne ko sabon shiga, ko kuwa sankara ta riga ta yi masa ɓarna a ciki. Na cire takardun na ɓoye, na gutsura masa ɗaya bayan ɗaya, na ce, "Baba, ga wani baƙon abu, a ɗanɗana mini." Ban koya masa kome ba, amma sai ga shi ya ɗaga gutsuren ya fuskanci haske, ya karya shi kusa da kunnensa, ya shinshina, sa'an nan ya ɗora a harshe ya rufe baki, ya yi shiru kamar mai sauraron ƙarar mota daga nesa. Bayan kowane ya kurkure baki da ruwan buta.

"Malam," in ji shi, "na farkon nan akwai tsamiya a bayansa. Na biyu daushe ne, ɗacinsa ya kwanta, ba ya faɗa da maƙogwaro. Na uku kuwa hayaƙi ya kama shi. Wannan ba rana ce ta busar da shi ba."

Na fito da takardun na duba. Na farko daga Madagaska ne, daga kwarin Sambirano, wanda masana suka san kokonsa da tsami irin na 'ya'yan itace. Na biyu daga Gana. Na uku daga Papuwa Niyu Gini, inda yawan ruwan sama ya tilasta wa manoma da yawa busar da koko a kan wutar itace. Tun daga wannan yammaci na janye dariyata. Daga baya na fahimci cewa dattijon bai fita daga fagensa ba ko kaɗan, domin masu ilmin tsirrai sun sa itacen goro da itacen koko a zuriya ɗaya, kuma sinadarin nan mai ɗaci da ke cikin koko, wanda ake ce wa tiyobiromin, akwai kaɗan daga cikinsa a goro. (Kokon da nake nufi, don kada wani ya ruɗe, shi ne na itace wanda ake nomawa a kurmi, ba wanda muke sha da ƙosai ba, harshenmu ya haɗa su suna ɗaya, ba ruwan wannan da wancan.)

To, abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne, ɗanɗano shaida ce, kuma kamar kowace shaida tana da sharuɗɗan karɓa, tana da wurin da take ƙarewa. Kuma alƙalan cakulan na wannan zamani, ko da yake sun cika da yawa daga sharuɗɗan, sau da yawa sukan tsallake iyakar huruminsu su yi hukunci a inda ba su da iko.

Mu fara da abin da suka yi daidai. A manyan gasanni, irin wadda wata ƙungiya mai suna Academy of Chocolate take shiryawa a Landan, ƙungiyar da aka kafa a 2005, ko International Chocolate Awards da aka soma a 2012, ba a nuna wa alƙali sunan mai kaya, sai dai a ajiye masa 'yan gutsattsari da lamba kawai, don kada kwarjinin suna ya rinjayi harshe. Kuma a ta biyun har akan ba su wani kunun masara mai sanyi, marar gishiri, su riƙa wanke baki da shi tsakanin wannan da wancan. Abin da suke dubawa kuwa yana da asali a cikin ɗabi'ar abin, ba shaci-faɗi ba ne. Alal misali, man koko idan ya daskare yana iya kama siffa shida dabam-dabam, kuma guda ɗaya ce tak daga cikinsu, ta biyar, take ba cakulan sheƙi da ƙarar nan ta ƙas idan an karya shi. Ita ce kuma take narkewa a wajen ma'aunin zafi 34, watau ƙasa kaɗan da zafin jikin ɗan Adam, shi ya sa nagari yake tsayawa a faranti amma ya narke a harshe ba tare da ya bar maiƙo a dasashi ba. Kafin a sami wannan siffa sai an narka shi, an sanyaya, an sake ɗumama shi kaɗan bisa ƙididdiga, kuma wanda ya kuskure, kunnen alƙali zai kama shi tun kafin bakinsa. Wannan ne ma dalilin da ya sa mafi yawan cakulan da ke isowa kantunanmu a bazara, bayan ya sha zafin Kano ko na Zinder ya narke a mota ya sake daskarewa a firji, ake buɗe shi a tarar ya yi furfura. Furfurar nan man ne ya taso sama, ba ta cutarwa, amma wanda ya san cakulan ta wannan hanya kaɗai, kamar wanda ya san goro ne ta hanyar busasshe.

Mafi girman sirrin kuwa tun a gona yake. Ɗanyar ƙwayar koko ba ta da ƙanshin cakulan ko kaɗan, bauri ne kawai da ɗaci; sai an fasa ƙwallon, an kwaso ƙwayoyin tare da farin yauƙinsu mai zaƙi, an tara su tsibi an lulluɓe da ganyen ayaba, kamar yadda manoman Gana ke yi, an bar su su tsimu wajen kwana shida ana juyawa, sa'an nan a shanya a rana a kan tabarmi ana tsince na banza, kafin abin da zai zama ƙanshi ya samu. Duk matar da ta taɓa yin daddawa ta san wannan ilmi: ka buɗe da wuri ka sami gafi, ka makara ka sami ɗoyi. Masu duba koko kafin a fitar da shi sukan ɗebi ƙwaya 300 su tsaga kowace biyu, su ƙirga masu fumfuna da masu launin toka, waɗanda ba su tsimu ba, kuma ba a ba kaya daraja ta ɗaya sai kowane daga cikin aibobin nan biyu bai wuce uku cikin ɗari ba. A nan shaidar ido da ta harshe sun haɗu, kuma in alƙali ya ce wannan ya yi ƙauri wajen suya, ko wancan yana warin rima, maganarsa abin karɓa ce a Paris, abin karɓa ce a Kumasi, domin abu ne da wani adali zai iya sake dubawa ya tabbatar ko ya ƙaryata.

Na san wani almajirin ilmi zai tare ni a nan, ya ce ai ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibata abinci ba, in ya so shi ya ci, in bai so ba ya bari. To yaya za a mai da neman aibin abinci sana'a? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba na raina ta. Sai dai a ganina akwai bambanci tsakanin baƙon da aka girmama da akushi ya zauna yana kushe hannun uwargida, wanda wannan rashin ladabi ne da butulce wa ni'ima, da mutumin da aka wakilta ya tsaya tsakanin mai saye da mai sayarwa don kada a cuci ɗayansu. Na biyun aikin hisba ne, kuma magabata ba su ɗauke shi wasa ba: Shaizari, malamin Sham na ƙarni na shida bayan hijira, a littafinsa na hisba mai suna Nihayatur Rutba, ya keɓe babi guda a kan masu yin halawa da irin algus ɗin da suke yi, kuma daga kalmar nan ta halawa ce muka sami tamu alewar. Wanda zai biya kuɗin cefanen kwana biyu a kan abin da bai fi tafin hannu ba yana da haƙƙin a gaya masa gaskiyar abin da ke ciki.

Amma idan muka karɓi cewa shaida ce, to dole mu tambayi abin da alƙalan shari'a ke tambaya game da kowane mai shaida, watau ko yana da wani amfani a cikin abin da yake shaidawa. A gasannin nan mai kaya shi ke biyan kuɗin shiga, kuma ana raba lambobi na zinariya da azurfa da tagulla a ajujuwa masu yawa ƙwarai. Ban ce ana sayen hukunci ba, tun da alƙalai ba su san na wa suke ci ba. Abin da na ce shi ne, lambar tana nuna cewa kayan ya yi fice a cikin waɗanda suka iya biya suka shiga, kuma rashin lamba ba ya nuna kome, domin wata ƙila mai yin nagari yana can a Akara ko Abijan, kuɗin aika kaya cikin sanyi zuwa Turai kaɗai ya fi ƙarfinsa. Haka nan adadin nan da ake bugawa da manyan haruffa. Tun da kamfanin Valrhona na Faransa ya fito da wani mai suna Guanaja a 1986, mai koko kashi 70 cikin ɗari, mutane suka ɗauki adadi ya zama mizani, suna zaton duk wanda ya fi yawa ya fi kyau. Alhali kuwa adadin yana haɗa garin kokon ne da mansa, yana gaya maka yawan sukarin da ya rage, ba ya gaya maka ko ƙwayar ta tsimu ko ta ƙone. Yawan barkono ba shi ne iya yaji ba.

Inda na fi saɓa wa alƙalan kuwa shi ne inda suka bar aibi suka shiga so. Ku dubi na ukun nan da dattijo ya ce hayaƙi ya kama shi. A wurin masu sayen koko na manyan masana'antu, hayaƙi aibi ne da ake rage wa kaya daraja saboda shi. Amma ga shi wani mai sana'a ya ɗauki wannan aibi ya buga shi a bayan takarda a matsayin abin alfahari, kuma ya sami masu so. To wa ya yi gaskiya? Da zarar an ƙetare wannan iyaka, babu sauran ijma'i, sai al'ada da abin da harshe ya tashi a kai. Mutanen Finlan suna da wata baƙar alewa da suke kira salmiyakki, wadda ake sa wa wani gishiri mai zartsi da ya fi kusa da kanwa a baki, yaransu na kuka a saya musu, baƙo kuwa yakan tofar tun kafin ta jiƙe. A Meksiko ana dama tsamiya da barkono da gishiri a sayar wa yara a matsayin alewa, abin da ba zai ba ɗan Hausa mamaki ba. Cakulan ɗin Hershey, wanda Amurkawa suka girma da shi, Turawan Ingila da na Faransa kan ce yana da tsami kamar madarar da ta kwana. A Japan an yi Kit Kat iri fiye da 300, har da mai ɗanɗanon koren shayi da mai yajin wasabi. A ƙarshen 2023 kuma wani cakulan na Dubai, mai cike da fustuƙu da soyayyar kunafa, ya karaɗe duniya ta hanyar TikTok, mutane suka yi ta layi a kansa ba tare da wani alƙali ya ba da fatawa ba. Duk wanda ya jera waɗannan a faranti ɗaya ya ce zai ba su maki daga ɗaya zuwa goma, tarihin yarintarsa yake aunawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Ko ma'anar kalmar cakulan kanta ba wahayi ba ce, sulhu ne na 'yan siyasa. Tun daga shigar Ingila tarayyar Turai a 1973 aka yi ta jayayya, kusan shekara talatin, a kan ko ya halatta a kira abu cakulan in an gauraya masa wani mai ban da man koko, Faransa da Beljiyam suna cewa algus ne, Ingila tana cewa al'adarta ce. Sai a shekarar 2000 aka daidaita a kan cewa ana iya sa har kashi 5 cikin ɗari daga mayuka shida da aka ambata, ɗaya daga cikinsu kuwa man kaɗanya ne, wanda matan karkararmu ke tsintar ƙwararsa da damina. Abin da masu tsanani ke kira gurɓatawa, abincin wata tsohuwa ne a jihar Neja ko Kwara.

Mu ma muna da namu alƙalan, kuma ba su fi na Turai sassauci ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da ɗakin da ake buɗe gara ya ga yadda gwaggo ke ɗaukar alkaki ta karya, ta duba ko zuma ta ratsa shi har ciki, ta ɗanɗana ta ji ko tsaminsa ya tsaya inda ya kamata, ta taɓa nakiya ta san ko an daka shinkafar da haƙuri ko an yi ha'inci, sa'an nan ta ajiye ba ta ce uffan ba, amma kafin magariba dangi duka sun san hukuncin. Ita ma shaidarta a kan aibi ba ta da ɗaukaka ƙara. Amma da za a kai mata salmiyakki, ko a kai wa alƙalin Landan alkaki mai tsami da tuwon madara da gullisuwa, kowannensu zai zama baƙo a kotun da ba tasa ba. Imamu Gazali, a cikin Munƙizu minad Dalal, ya bambanta sanin abu ta hanyar ta'arifinsa da saninsa ta hanyar zauƙi, ya buga misali da likitan da ya san haddin lafiya alhali shi kansa yana kwance ba lafiya; ko da yake shi a kan al'amari mafi girma yake magana, kalmar da ya zaɓa asalinta ɗanɗanon harshe ne, kuma zauƙi ba a aro shi daga bakin wani.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. A shekarar 1879 Rodolphe Lindt ya ƙago, a birnin Bern na Suwizalan, injin da ke murza cakulan na tsawon sa'o'i har ya yi laushi. A wannan shekarar kuma, bisa mashahurin ƙauli, wani maƙeri mai suna Tetteh Quarshie ya komo daga tsibirin Fernando Po da irin koko ya shuka a Mampong. Zuwa 1911 ƙasarsa Gana, wadda ake kira Gwalkwas a lokacin, ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko, kuma 'yan ci-rani daga arewa, har da Hausawa da suka riga suka san hanyar Gwanja saboda goro, sun zuba guminsu a waɗannan gonaki. Yau Kwaddibuwa da Gana su ke ba duniya wajen rabin kokonta. Amma an raba aikin tun daga wancan lokaci: shuka da tsimawa da shanya a nan, murzawa da ɗanɗanawa da sa suna a can. A 2024 farashin tan guda ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, abin da ba a taɓa gani ba, alhali manomin Gana da na Kwaddibuwa, wanda hukuma ke yanka wa farashi tun farkon kaka, bai ga sai ɗan kaɗan daga wannan ba. Mutumin da ya juya tsibin a rana ta uku, wanda hancinsa ya gaya masa lokacin buɗewa ya yi, shi ne ya yi rabin ɗanɗanon da ake ba lamba. Amma sunan da ke kan takarda na wanda ya narka ne.

Saboda haka gasar da na fi ganin ƙimarta ita ce Cocoa of Excellence, wadda aka fara a 2009, domin ita ƙwayar koko take karɓa daga ƙasashen da ke noma shi, a sarrafa duka ta hanya ɗaya a ɗaki ɗaya, a ɗanɗana ba tare da suna ba, lambar kuwa ta tafi ga manomi ko ƙungiyarsa. Wannan ya fi kusa da adalci, ko da yake har yanzu da saura, muddin manomin bai zauna a kujerar masu ɗanɗanawa ba, muddin kuma kalmomin da ake siffanta ɗanɗano da su sunayen 'ya'yan itacen da ba su fitowa a ƙasarsa ne. Harshen da ya bambanta ɗaci da bauri da maƙaƙi da gafi, ya bambanta garɗi da zaƙi, ya bambanta ƙauri da ƙarni, ba ya bukatar aron kalma kafin ya yi hukunci a kan koko; kuma in Bature ya ce ya ji wani jan ɗan itace na dajin ƙasarsu, dattijona ya ce ya ji tsamiya, ban ga dalilin da zai sa a rubuta na farko a littafi a bar na biyu a rumfa ba. Masu yin cakulan a Gana, tun daga tsohuwar masana'antar Tema mai yin Golden Tree har zuwa ƙananan da matasa ke buɗewa a Akara, da takwarorinsu na Legas, su ya kamata su fara buga ɗinya da goruba da dabino a bayan takardunsu, in har abin da harshensu ya ji ke nan.

Da na tashi tafiya na tambayi dattijon wanne zan bar masa. Ya ce na biyun, daushen. Na miƙa masa, sai na ga ya ɗaga jiƙaƙƙen buhun da yake rufe goro da shi zai tura shi ƙarƙashi, na yi maza na riƙe hannunsa, na ce, "A'a Baba, ba ya son laima." Ya ce to bari ya ɗora a kan kwano a bakin rumfa. Na ce ai rana ma ba ya so. Ya dube ni, ya dubi abin da ke hannunsa, ya ce, "Ikon Allah, ba ruwa ba rana, ashe ɗan sarki ka kawo mini riƙo." Sa'an nan ya kira almajirai biyu da ke zaune a inuwa, ya karya shi uku.